Mai gabatar da ƙara ya zo kulob ɗinmu yana kukan aiki, shin mu ba ofishinsa kuɗin da muka tara?

Bakatsinen Ohio:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san yadda kotunan Amurka ke tafiya.

Ina zaune a wata ƙaramar gunduma a jihar Ohio, ina aiki a ɗakin magani na wani asibiti. Gari ne na manoman masara da waken soya, sai masana'anta guda ta kayan gyaran mota. Mu Musulmin garin in muka taru Juma'a ba ma cika sahu uku. Wani abokin aikina ne ya ja ni cikin reshen Rotary na garin, yanzu har an sa ni a kwamitin da ke raba kuɗin taimako.

Ga wanda bai san irin waɗannan ƙungiyoyi ba, duk ƙaramin garin da ka shiga a nan za ka ga allo a bakin hanya ɗauke da tambarin Rotary ko Lions ko Kiwanis, wani lokaci duka ukun. Rotary ce babbarsu a shekaru, wani lauya mai suna Paul Harris ya kafa ta a Chicago a 1905. Kiwanis ta fito daga Detroit a 1915, ita hankalinta na kan yara. Lions ta biyo baya a 1917, kuma tun da Helen Keller, wata makauniya kuma kurma mai fafutukar nakasassu, ta roƙe su a taronsu na 1925 a Cedar Point, nan cikin Ohio, suka rungumi harkar ido, shi ya sa za ka ga akwatinsu na tara tsofaffin tabarau a ɗakunan karatu da kantuna. Mu namu aikin ba wani mai girma ba ne. Muna raba ƙamus ga 'yan aji uku na firamare, muna ba 'yan sakandare da suka gama ɗan tallafin shiga jami'a, muna tara rigunan sanyi kafin hunturu ya kankama, muna tsince shara a gefen babbar hanya. Kuɗin kuwa mafi yawansa daga ranar da muke soya fanke da safe mu sayar wa mutanen gari yake fitowa. Akwai wani dare da ake tara kuɗi da giya da tikitin caca, tun farko na gaya musu ban da ni, ba wanda ya ce min uffan.

Kowane mako lokacin abincin rana ake taro, kuma akan gayyato baƙo ya yi jawabi. Wannan karon babban mai gabatar da ƙara na gundumarmu ne ya zo. Na zaci zai zo yana bugun ƙirji kan ɓarayin da ya ɗaure, sai ga mutum yana kuka da aikinsa. Ya ce lauyoyi matasa suna zuwa su koyi aiki a hannunsa, da sun goge sai kamfanonin lauyoyi na Columbus ko Cincinnati su ɗauke su da albashin da shi ba zai iya biya ba. Ya ce tun da 'yan sanda suka fara rataya kyamara a ƙirji, ƙaramar shari'a ma sai ta zo da bidiyo na sa'o'i, kuma dole wani ya zauna ya kalle shi daga farko har ƙarshe. Ya yi maganar fentanil, wata ƙwaya mai tsananin ƙarfi ta kashe ciwo da masu shaye-shaye ke sha, wannan kam ba sai an gaya min ba, a asibiti nake aiki, kuma kowa a jihar nan ya san an rasa mutum sama da 5,000 a shekara guda a 2020, haka ma a 2021, ta hanyar shan ƙwaya fiye da ƙima. Sannan ya ce shaidu ba sa zuwa kotu.

Bayan ya tafi, wani dattijo mai dillancin gidaje ya kawo shawarar cewa kuɗin da muka tara bana, 'yan dubban daloli ne, a sayo wa ofishin kwamfutoci da manhajar tace bidiyo. Mutane da yawa sun gyaɗa kai. Wata mai zuwa kwamitinmu zai kaɗa ƙuri'a. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, amma na rasa yadda zan faɗi dalilina ta yadda zai shiga kunnensu.

To jama'a, kukan nan nasa gaskiya ne ko kuwa siyasa ce? In gaskiya ne, ya dace ƙungiyar sa-kai ta sa kuɗinta a ofishin da ke tuhumar mutane? Sannan shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Afirka ta Yamma yana son mu gayyato shi ya yi mana irin wannan jawabi, wasu kuma suna cewa kada mu jawo wa kanmu ido.

Direban Tirela:

Wa'alaikumus salam. Malam, kamfe ya zo yi muku. A Ohio zaɓen mutumin nan ake yi, su wa kuma ke zaune a Rotary? Mai banki, mai inshora, mai dillancin gidaje, shugaban makaranta. Su ne masu ba da gudummawar zaɓe, su ne ke cin abinci da kwamishinonin gunduma. Ni a New Jersey nake, a nan gundumomi 21 ne kuma gwamna ke naɗa mai gabatar da ƙara na kowacce, wa'adin shekara biyar, majalisar dattawan jiha ta amince. Ban ce namu waliyyai ba ne, amma ba sa buƙatar ƙuri'ar mai sayar da taya. Ku sayi rigunan sanyinku ku raba wa yara. Harajin da ake cira a albashinka duk sati biyu na mene ne?

Hajiya Tafinta:

Salamu alaikum. Ƙanina Bakatsine, ina yin tafinta a kotuna, Hausa da Zabarmanci, wani lokaci a tsaye gaban alƙali, wani lokaci ta waya. Ba zan taɓo shari'ar kowa ba don aikinmu ya hana, amma yadda abin yake tafiya zan iya gaya maka.

Direba bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa ba. Mutum na iya yin siyasa da gaskiya. Kukan da kuka ji gaskiya ne, kuma ga inda yake fitowa.

A Ohio doka ta ba gwamnati kwana 270 ta kai wanda ake tuhuma da babban laifi gaban shari'a. Idan kuma yana tsare a kan wannan tuhumar kaɗai, bai samu beli ba, kowace rana ɗaya ana lissafa ta uku, ka ga ya koma kwana 90 ke nan. Agogon kan tsaya idan lauyan wanda ake tuhuma ne ya nemi a ɗage, ko ya sa hannu ya yafe wa'adin, amma in ba haka ba yana tafiya. A cikin kwanakin nan sai an kai maganar gaban kwamitin mutum tara na 'yan gari da ke tantance tuhuma, sai bakwai cikinsu sun yarda kafin a ci gaba. In zargin ƙwaya ne, sai an aika hodar da aka kama ɗakin gwaji ya tabbatar ko mene ne, kuma ƙananan gundumomi irin taku yawanci da ɗakunan gwajin jiha suka dogara, na BCI, hukumar binciken laifuka da ke ƙarƙashin babban lauyan jiha, kowa yana kan layi. Takardar sakamako kaɗai ba ta wadatar ba in lauyan kare ya ƙi, tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2009 yana da damar a kawo wanda ya yi gwajin ya tsaya a yi masa tambayoyi.

Batun bidiyo kuwa, ba don son kallo suke zama a kai ba. Tun shari'ar Brady a 1963 wajibi ne mai gabatar da ƙara ya miƙa wa ɗaya ɓangaren duk abin da zai iya wanke wanda ake tuhuma. In 'yan sanda huɗu suka je wuri guda, kyamara huɗu ke nan, ga ta cikin mota, ga ta ƙofar maƙwabci, ga abin da aka kwaso daga wayar mutum. Wataƙila a wani lungu na bidiyon shaida ta faɗi abin da ya saɓa wa maganarta ta baya. In bai gani ba bai miƙa ba, hukuncin na iya rushewa bayan shekaru.

Amma ga abin da ba za ka ji a bakinsa ba, ba don mugunta ba, don ba aikinsa ba ne ya faɗa. Bidiyon nan dai, lauyan da gwamnati ke ba talaka shi ma sai ya kalle shi. Tun 1963 ɗin nan, a shari'ar Gideon, aka ce wanda ba shi da kuɗin lauya a babban laifi dole a ba shi. Su waɗannan lauyoyin na gan su suna shigowa kotu da fayil rungume har haɓa, suna ganawa da mutum a baranda minti kaɗan kafin a kira sunansa. Ba kasafai ake gayyatarsu cin abincin rana ba. Kuma ka sani mafi yawan shari'u ba sa kaiwa gaban juri, wato 'yan garin da ake zaunarwa su saurari shaidu su ce mutum ya yi laifi ko bai yi ba. Kotun Ƙoli da kanta ta faɗa a 2012 cewa kashi 94 cikin ɗari na hukuncin laifi a kotunan jihohi daga amsa laifi yake fitowa, wato ciniki ne tsakanin lauyoyi biyu, ka amsa ƙarami a sauke maka babba. A wurin ciniki kuwa, wanda ya fi shiri shi ke yanka farashi. In kun ƙara wa ɓangare ɗaya kayan aiki kun bar ɗayan, kun taɓa ma'auni ko da da kyakkyawar niyya. Ina jin wannan ne abin da ke damunka ka rasa yadda za ka faɗa.

In kuna son ku taimaka wa kukansa na shaidu, akwai wurin da kuɗinku zai yi aiki ba tare da ya shiga cikin tuhuma ba. Tun da masu zaɓe a Ohio suka amince da dokar Marsy a 2017, wanda aka cuta yana da haƙƙin a sanar da shi ranakun zama, ya halarta, a kuma saurare shi. Haƙƙi ne a takarda, amma matar da ke aikin awa-awa, in ta zo kotu ta rasa kuɗin ranar, ba ta da mai riƙe mata yara, garin kuma babu bas, a zo a ɗage zaman, karo na biyu ba za ka gan ta ba. Kuɗin mai, sabon kwaɗon ƙofa, waya mai kati, ɗakin jira da ba za ta zauna tana kallon dangin wanda ya doke ta ba. Waɗannan gidajen fakewa na mata da cibiyoyin da ake jin ta bakin yaran da aka ci zarafinsu ne ke yi, yawancinsu kuma ƙungiyoyi ne masu zaman kansu da ke karɓar gudummawa. Ko ku duba kotun masu shaye-shaye in gundumarku na da ita, masu fita daga can suna neman wanda zai ɗauke su aiki, kulob ɗinku kuma cike yake da masu ɗaukar ma'aikata.

Lauya Daga Kano:

Hajiya, Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Kwana 90 ɗin nan ya tsaya min a rai.

A nan gida ba ma zaɓen mai gabatar da ƙara. Gwamna ke naɗa Kwamishinan Shari'a, shi ne babban lauyan jiha, kuma sashe na 211 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi ikon shigar da ƙara, ya karɓe wadda wani ya shigar, ko ya dakatar da ita kafin a yanke hukunci. Ƙananan laifuka a kotun majistare galibi ɗan sanda ne ke gabatarwa. Babban laifi irin kisa ko fashi, a kai mutum gaban majistaren da ba shi da hurumin sauraro, a tura shi gidan yari, fayil ya tafi Ma'aikatar Shari'a jiran shawarar lauyoyin gwamnati. Wannan jira shi ne ciwonmu. An yi dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya a 2015 don a rage shi, jihohi suka yi nasu, amma har yau mafi yawan waɗanda ke gidajen yarin Najeriya masu jiran shari'a ne.

Abin da ya sa na sa baki shi ne tambayarka ta biyu, don mu mun daɗe muna ganin amsarta. Attajiri ya saya wa ofishin 'yan sanda mota, ƙungiyar 'yan kasuwa ta gyara musu rufi, kowa ya yi tafi. Ranar da ɗan attajirin ya buge wani da mota, ko da jami'in ya yi gaskiya tsantsa, ba mai yarda. In baki ya ci, ido kan ji kunya, in ma bai ji ba jama'a za su ce ya ji. Ka tambayi dattijon naku mai dillancin gidaje, cikin ladabi, ranar da ɗan wani ɗan kulob ya faɗo hannun ofishin nan, me mutanen gari za su ce game da kwamfutocin? Masu hali a Kano da ke zuwa Kurmawa ko Goron Dutse da azumi su biya wa fursunoni tara a sake su, ban taɓa jin an zarge su da sayen alƙali ba, don kuɗin bai bi ta hannun mai tuhuma ba.

Bakatsinen Ohio:

Na gode ƙwarai. Hajiya, kin faɗi abin da ke cikina, Allah ya ƙara girma.

Direba, zaɓensa an yi shi a 2024 tare da na shugaban ƙasa, sai kuma 2028, don haka ba ƙuri'a yake nema yanzu ba. Amma na yarda da kai ta wani gefen. Kasafin ofishinsa kwamishinonin gunduma uku ne ke yanke shi, haka tsarin yake a gundumomi 86 cikin 88 na jihar, in ka cire Cuyahoga da Summit da ke da nasu. Ɗaya daga cikin kwamishinonin namu yakan zo taronmu. Ina ganin da shi ake, mu an yi mana jawabin ne don ya ji a gaban mutane. Ban ga laifin wannan ba, hasali ma nan ne ya kamata kukan ya tafi. In ofishin na buƙatar lauya ko kwamfuta, zaman kasafin kuɗi a buɗe yake, 'yan kulob na iya zuwa su yi magana a matsayinsu na masu biyan haraji. Wannan zan iya goyon baya da hannu biyu.

Lauya, akwai ma abin da ya ƙara wa maganarka ƙarfi. A Ohio ofishin nan ba laifuka kaɗai yake yi ba. Shi ne lauyan kwamishinoni da sauran ofisoshin gunduma, kuma shi ke shigar da ƙarar ƙwace gidan da aka daɗe ba a biya masa haraji ba, a yi gwanjonsa. Mai dillancin gidaje da ofishin da ke kai gidaje gwanjo, ko da dattijon nan zuciyarsa fara ce tas, kuma ni na ɗauka fara ce, abin bai yi kyan gani ba.

'Yan Rotary suna da tambayoyi huɗu da muke karantawa a taro, wani ɗan kasuwa Herbert Taylor ya tsara su a 1932. Ta biyu tana tambaya ne ko abin da za a yi adalci ne ga duk wanda ya shafa. Da ita zan shiga, tunda tasu ce. Zan kawo shawarar a raba kuɗin tsakanin gidan fakewa na mata da ke gundumar maƙwabta, don namu garin ba shi da shi, da kuma tallafin karatun da muka saba. Zan kuma nemi mai tsara baƙi ya gayyato lauyan da ke kare marasa hali ya yi nasa jawabin.

Saura batun gayyatarsa wurin mutanenmu.

Baba Na Fagge:

Yaro, ka kyauta da ka shiga cikinsu. Mutanenmu da yawa suna jin Rotary sai su ce ƙungiyar asiri ce. A Kano aka fara kafa reshenta a duk Najeriya, a 1961. Su ne suka ɗauki yaƙi da shan inna tun 1985, kuma duk rigimar da aka sha a 2003 lokacin da aka dakatar da allurar a Kano, ba su janye ba har aka kai 2020 aka ce Afirka ta rabu da cutar ta asali. Wanda ya girma yana ganin yara na jan gindi a bakin kasuwa ya san abin da aka yi. Sai dai a nan Amurka na lura duk masu furfura ne a ciki, matasa ba sa shiga. Mata ma sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a 1987 kafin a buɗe musu ƙofa. Ka faɗi ra'ayinka a hankali, kada ka kunyata dattijon a gaban mutane. Ka same shi shi kaɗai tukuna kafin ranar ƙuri'a.

Hajiya Tafinta:

Baba ya faɗi daidai, ka fara samunsa a gefe.

Gayyata kuwa, ku gayyace shi, amma da shiri. Masu cewa kada a jawo ido suna haɗa shi da hukumar shige da fice ne, alhali shi ma'aikacin gunduma ne, waccan ta tarayya ce. Duk da haka ku gaya wa kowa tun kafin ranar cewa ba wurin kawo matsalar kai ba ne. Kada wani ya miƙe ya ce ɗana an kama shi da kaza, me zan yi. Mutumin nan ba lauyanka ba ne, abin da ka faɗa a gabansa ya ji ke nan.

Abu biyu nake so mutanenmu su ji daga bakinsa. Na farko, ƙarar laifi a nan ba ta wanda aka cuta ba ce, ta jiha ce, sunan jihar Ohio ne a saman takarda. Mun saba a gida in an yi faɗa a kira manya a sasanta, a je a ce an janye. A nan matar na iya cewa ta yafe, a rubuta, amma shi ke da ikon ci gaba ko bari. Dattawan da ke zuwa su lallashe ta kada ta je kotu, da niyyar gyara aure, suna iya jefa kansu cikin laifin tsoratar da shaida in maganar ta yi nauyi. Na biyu, akwai bizar U da aka kafa a 2000 saboda wanda aka yi wa wasu manyan laifuka kuma ya taimaka wa bincike. Guda 10,000 kawai ake bayarwa a shekara, layin yana da tsawo sosai, kuma ba a ko fara nema sai ɗan sanda ko mai gabatar da ƙara ko alƙali ya sa hannu cewa mutum ya ba da haɗin kai. Ku tambaye shi wa ke duba wannan takarda a ofishinsa.

Sannan ku haɗa da lauyan shige da fice a zaman, ko ku ware masa rana tasa. Cinikin amsa laifin da na ambata, wanda ga ɗan ƙasa sauƙi ne, ga mai katin zama yana iya zama hanyar kora, ko da bai kwana a gidan yari ba. Tun shari'ar Padilla a 2010 wajibi ne lauyanka ya gaya maka wannan haɗarin kafin ka amsa, alƙalin Ohio ma yana karanta gargaɗin. Amma ana karanta shi da sauri, mutum kuma a tsorace yake, yana son ya koma gida. Duk wanda Turancinsa na kasuwa ne ya nemi tafinta, kotu ce ke biya, kada ya kawo ɗansa ɗan sakandare ya fassara masa.

In kun sa rana ka turo min saƙo ta akwati. In ba ni da zama a kotu zan zo in yi muku tafinta, amma ku sa shi bayan la'asar ranar Lahadi, masu aikin dare su samu su yi barci.